Ba Grema Ya Tarbi Ruwa

"Ruwa ya iso! Ruwa ya iso Komadugu!"

Ina tsugune ina ba Ba Grema kunu da ludayi sai ihun nan ya cika layinmu. Mata na guɗa, yara sun zubo a guje, wata ma ta fito da muciya a hannu ba ta sani ba. Shi Ba Grema bai ji komai ba, don kunnensa ya daɗe da yi masa sallama, amma idonsa na kan ƙofar zaure, ya kuwa ga duk ƙafafun da ke wucewa kudu suka nufa. Ya ture ludayin, ya cafke wuyan hannuna da wani ƙarfi da ban san ya rage masa ba.

"Biba, ya zo ko?"

Na girgiza kai, wai ni mai wayo. Bakina kuwa ya ƙi rufuwa. Duk wanda ya zauna Diffa ya san ba a iya ɓoye wannan labari a fuska. Wata da watanni kogin Komadugu yana kwance a bushe, yashi fari fat, awaki na ratsa shi, sai rana ɗaya, ba hadari ba iska a kanmu, ruwa ya ɓullo daga yamma yana jan ciki. Ni da aka kawo ni aure daga Damagaram har na tsufa a nan, har yau in na ji zuwansa sai tsigar jikina ta tashi.

"Kira mini Mushe," in ji shi.

Abin da aka hana ni kuwa ke nan.

Gidana tsakanin nasu yake, Ba Grema ta gabas, Mushe Tahiru ta yamma. Ba Grema Babarbare ne, manomin tattasai tun kakanni, mutumin sahun gaba a masallaci. Ƙarar injin ban ruwa ce ta cinye masa kunne. Mushe Tahiru kuwa, Mushe dai yadda muke ce wa malaman lakwal, wato makarantar boko, mutumin Dogonduci ne, gwamnati ta turo shi koyar da kimiyya a kwaleji, ya aje aiki bai koma gida ba. Matarsa ta rasu, 'ya'yansa suna Yamai. Kuma ba ya salla. Kowa ya sani, ba wanda ke faɗa da ƙarfi. Ba ya zagi, ba ya izgili, suna da biki da jana'iza duk da shi ake yi, amma da an tayar da iƙama sai ya koma gindin bedi, itacen da wasu ke ce wa darbejiya, ya tsaya, ya sa hannu a baya kamar mai tsaron jarrabawa.

Mutum biyun nan sun fi shekara talatin suna gardama ɗaya a kan dakalin ƙofar gidana: me ya sa aka wayi gari akwai duniya, alhali babu ta fi sauƙi? Ina dakan garin tattasai na sayarwa ina jin su, har na haddace. Kuma Allah da ikonsa, duk garin nan muryar Mushe Tahiru kaɗai Ba Grema ke ji sosai. Murya ce mai kauri kamar ganga, wadda ta saba da aji mai cike da yara. Ni da ake cewa bakina ya fi injin niƙa, in na yi masa magana sai ya kalle ni kawai. Da hannu muke hira.

Duk shekara su biyun ke zuwa tarbon ruwa. Ba Grema ya tafi da ƙullin irin tattasai ya jiƙa shi da ruwan farko kafin ya zuba reno, Mushe ya bi shi don kada gardama ta huce. Ko shekarun da tsaro ya lalace aka hana zuwa bakin kogi, a kan dakalina suka riƙa zama suna hasashen inda kan ruwan ya kai.

Bana zuciyar Ba Grema ta gaji, ƙafafu suka kumbura, likita ya ce a mai da shi gida a yi ta addu'a. Ɗansa Muhsinu, da ke aikin rabon agaji can wajen Yebi, ya baro komai ya dawo. Yaron kirki ne, shi ke juya uban, shi ke wanke shi. Abu ɗaya ke hana shi barci: da wace magana ubansa zai cika. Don haka ya rufe wa Mushe ƙofa, cikin ladabi amma gam. Ranar nan Juma'a ce, da zai tafi masallaci ya tsaya a kaina.

"Inna Biba, amana na bar miki. Kada Mushe ya shigo. Ba ƙinsa nake ba, wallahi shi ya koya mini lissafi. Amma Baba na bakin tafiya, kuma kunnensa mutum ɗaya yake ji. In ya tafi da shakkar mutumin nan a kunne, me zan ce wa Allah?"

Na ce masa ya tafi kawai, ko kaza ba za ta shigo ba.

Ga shi yanzu tsoho ya riƙe ni, idonsa ya cika da hawaye, yana ƙoƙarin sauke ƙafa daga katifa. Na nuna masa masallaci, na nuna masa tsayin Muhsinu, na kaɗa yatsa. Ya ce, "Na sani. In ba ki kira shi ba, da rarrafe zan tafi. Biba, ba zan ga na baɗi ba."

Ni ba dutse ba ce. Na leƙa layi, ba namiji ko ɗaya, duk suna masallacin Juma'a. Namiji ɗaya ya rage a unguwar, kuma kun san shi. Kafin in ƙwanƙwasa ƙofarsa ya buɗe, da hula da takalmi, da makullin mota a hannu.

"Ya ji labari?" ya tambaye ni.

"Ya ji. Mushe, in wani abu ya faru a wuyana yake."

"A wuyanmu. Mu tahi."

Motar Mushe tsohuwar akwala ce, kaji sun fi shi sanin cikinta. Muka ɗauko Ba Grema da tabarmarsa muka kwantar a baya, hannunsa na dafe da aljihu inda ƙullin irin yake. Aka murɗa makulli, mota ta yi tari ta yi shiru. Na ƙwala wa matan da ke wucewa kira, muka ci ɗamara muka tura, mace biyar ko shida, muna dariya muna salati, har ta yi wani gurnani ta fesa mana hayaƙi. Na faɗa ciki tana tafiya, takalmina ɗaya ya tsaya a layi, ban sake ganinsa ba.

A shingen sojoji wani soja ya leƙo, ya ga tsoho kwance yana washe baki, ya ce ina za mu da mara lafiya, hanyar likita ai baya take. Ba Grema ya ɗago hannu ya ce, "Baƙo za mu tarba." Sojan ya yi dariya ya ɗage igiya.

Mushe bai tsaya inda jama'a suka taru ba. Ya gangara ƙasa, daidai gaɓar gonar Ba Grema, inda ruwan bai kai ba tukuna. Muka shimfiɗa tabarma a kan busasshen yashi a tsakiyar kogi. Mushe ya zauna ya miƙe ƙafa, ya jingina Ba Grema a ƙirjinsa, bakinsa daidai kunnen tsohon. Ni na tsaya na buɗe mayafina ina yi musu inuwa. Can nesa muna hango yara suna ja da baya suna tsalle, ga tsuntsaye farare suna bin wani abu da ke ƙyalli.

Ba Grema ko gaisuwa bai bari an gama ba.

"To, Mushe, ga shi can. Daga ina?"

"Ka sani. Ruwan sama ne da aka yi can tsaunukan Najeriya."

"Shi kuma daga ina?"

"Daga teku. Rana ta ɗebe shi, iska ta kawo."

"Rana fa?"

"Haba Grema, yau ma daga hwarko za mu ɗauko? Na gaya maka, rana da taurari da wannan yashi duk a dunƙule suke can da, wuri ɗaya, bai kai ƙwayar irin da ke aljihunka ba. Sai ya buɗe. Har yanzu buɗewa yake."

Ba Grema ya buga cinyarsa, ya juyo gare ni fuskarsa kamar ta yaro ranar salla. "Kin ji ko! Iri! Da bakinsa ya ce iri! To wa ya shuka?"

"Wa ya shuka mai shukar?"

"Ba a shuka shi. Shi ne Na Farko. In kowa sai an shuka shi, ai da har yau ana jiran wanda zai fara, gona tana nan fayau."

"To in akwai abin da ba a shuka ba, mi zai hana ita duniyar ta zama shi? Ka ƙara mutum ɗaya a lissahi, tambayar tana nan inda take."

"Ba mutum ba ne!"

"Na ji, yi haƙuri. Amma hwaɗa mini, mi ya rasa da zai yi ta? In cikakke ne, ba ya bukatar kowa, mi ya kai shi wannan aiki?"

Ba Grema ya mai da numfashi, sai na ga laɓɓansa sun yi duhu. Ya ce, "Kai ka taɓa ganin mai kyauta ya zauna da hannu rufe? Ba rashi ya sa shi ba. Yawa ne. Ya yi mu don mu san shi, mu gode. Dubi ja irin na tattasai in an shanya, Mushe. Wannan ja ba don ciki aka yi shi ba."

"Shekarar da ambaliya ta cinye gonaki, ta rushe gidaje a kan mutane, ita ma kyauta ce?"

"Wannan ban sani ba. Zan tambaya in na je."

"Ka ga ni ke nan. Ni ma ban sani ba. Bambancinmu, ni ban raɗa wa rashin sanina suna ba. Kuma wallahi, Grema…"

"Ya ce wallahi!"

"Sabo ne. Ina nuhin, ni abin ya hi ba ni mamaki haka nan. Ba wanda ya shirya, ba wanda ya aiko, amma ga ruwa, ga tsuntsu, ga tsoho mai taurin kai yana tambayar dalili. Yashi ya tashi zaune yana tambayar daga ina ya hito. Wannan bai isa a yi guɗa ba?"

"Ya isa," in ji Ba Grema. "Ni dai na san wa nake yi wa guɗar."

Sai ƙamshin ya riga ruwan isowa, ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa mai sanyi. Daga nan muka ga kansa. Wanda bai taɓa gani ba zai zaci da ƙarfi yake zuwa. A'a, a hankali yake, ɗan siriri, ja-ja, yana turo kumfa da karmami da kashin awaki da wani tsohon silifa, yashi na shan sa da ƙarar cuu, shi kuma yana ƙara matsowa. Ƙwari na gudu a gabansa. Yara na gudu da baya suna tsokanarsa. Na saki mayafi na rangaɗa guɗa har maƙogwarona ya yi zafi, ina kuka ina dariya, ƙafa ɗaya da takalmi.

"Wushe, wushe!" Ba Grema ke yi wa ruwan barka da zuwa da Barbarci. "Ka sha hanya!"

Ruwan ya taɓa bakin tabarma, ya shiga tsakanin yatsun ƙafarsa da suka kumbura. Ya lalubo ƙullin irin, Mushe ya tallafa masa suka tsoma tare. Ya ɗebo ruwan ya shafa a fuska. Daga nan sai hannun ya saki, kansa ya koma baya a kafaɗar Mushe, numfashinsa ya fara fita da wata ƙara da na sani, don a gabana mijina da uwata suka cika.

Duniyar ta juya mini. Ga amanar Muhsinu, ga tsoho na tafiya, kuma maganar ƙarshe da ta shiga kunnensa ita ce ba wanda ya aiko. Na zube a cikin ruwan na kai bakina kunnensa ina ta faɗin kalmar shahada, ina ƙaraji har yara suka tsaya suna kallo. Idonsa na yawo a sama. Bai ji ni ba. Bai taɓa ji na ba.

"Biba, mu kai shi likita," in ji Mushe.

"Wa zai tura motar? Ba zai kai ko gaɓa ba. Mushe, kai yake ji. Laƙƙana masa."

"Grema! Ka ce…"

Na doke masa hannu. "Ba a ce wa mai tafiya ka ce! Ba ɗalibinka ba ne. In ka matsa masa yana iya ƙi cikin zafin ciwo. Kai za ka faɗa da bakinka, a hankali, shi ya ji ya bi."

Ya kalle ni. Ban taɓa ganin tsoro a fuskar Mushe Tahiru ba sai ran nan. Mutumin da ya yi shekara da shekaru a gindin bedi don kada ya faɗi abin da bai yarda da shi ba, ko don a bar shi ya zauna lafiya. Ruwa ya kai masa ƙugu a zaune. Ya runtse ido, ya sunkuya, muryar nan tasa ta fito ƙasa-ƙasa, har ina jin ta a ƙirjina.

"La'ilaha illallah."

Idon Ba Grema ya daina yawo. Laɓɓansa suka motsa, ya bi, kalma bayan kalma. Na ce alhamdu lillahi, na yi wa Mushe alama ya yi shiru, don in mutum ya faɗa ba a sake yi masa magana, sai a bar ta ta zama ta ƙarshe.

Amma Ba Grema ne fa. Sai ga wani murmushin mugunta ya tsattsago a gefen bakinsa.

"Biba," ya ce da ƙyar, "ki shaida. Na ji shi."

Wallahi da yana da lafiya da na ranƙwashe shi. Na ce, "Mushe, ya yi maganar duniya, ta warware. Sake."

"Kuma?"

"Sake!"

Ya sake. Ba Grema ya bi. Ruwa na wucewa ta gefenmu yana jan gefen tabarma. Na ɗauka shi ke nan, sai tsohon ya ɗan juyo da kai, har gemunsa na gogar kuncin abokinsa.

"To in babu Shi, Mushe, wa ka kira yanzu?"

Na ga amsar ta taso wa Mushe. Na san shi, na san yadda yake ɗaga yatsa in zai kayar da mutum, yatsan ma har ya fito daga ruwa. Tun da nake jin su bai taɓa bari Ba Grema ya tashi da maganar ƙarshe ba, ko da kuwa ta katanga zai jefo tasa. Ya kalli yatsan, ya mai da shi cikin ruwa, ya rungume tsohon da hannu biyu, ya faɗi kalmar karo na uku. Ba Grema ya karɓa, a fili, har ƙarshe. Mushe ya cije leɓe. Haka muka zauna ba wanda ya ce uffan, har ƙirjin da ke ɗagawa a hannunsa ya daina.

Mutanen da suka sauko daga masallaci suka nufo kogi su suka taya mu ɗaukarsa. Muhsinu ya tarbe mu a bakin layi, ba hula, ya zagaye unguwa yana nema. Da ya ga yadda aka lulluɓe uban bai yi ihu ba. Ya dube ni kawai, ni kuwa na fi son ya zage ni.

Aka yi wanka, aka yi sutura, bayan la'asar aka sallace shi. Mushe yana gindin bedinsa, hannu a baya, bai ko canza kaya ba. Da aka dawo daga maƙabarta maza suka zauna a kan tabarmi a ƙofar gida, sai Muhsinu ya shigo zaure ya same ni.

"Inna Biba, abu ɗaya zan tambaye ki, kuma don Allah kada ki lallashe ni. Da me ya cika?"

"Da kalma. Sau uku, ta ƙarshen ta fi fita."

Ya dafa bango, kafaɗunsa suka sauka, hawayen da ya riƙe tun rana suka zubo. Can ya ɗago. "Ai ba ya jin ki."

"Ba ya ji na."

Ya share hawayensa. Sannan ya fita, ni kuma na bi shi har bakin ƙofa, don ba a yi ni da haƙurin jiran labari ba. Ya ratsa mutane ya je gindin bedi ya rusuna.

"Mushe, ka yarda da abin da ka faɗa?"

"A'a, ɗana. Ba zan yi maka ƙarya ranar da ka binne ubanka ba. Shi ya yarda. Abinsa ne ya suɓuce mishi, na miƙa mishi."

"Ya yi wata magana kafin nan?"

"Ya yi mini tambaya."

"Me ka ce?"

"Ban ce komi ba. Amsar tana nan bakina, ban san wanda zan kai wa ba."

Muhsinu ya miƙe. Ya shiga gida ya fito da buzun da ubansa ke zama a kai, ya wuce tabarmin manya, ya wuce liman, ya shimfiɗa shi a kan dakalin ƙofar gidana, a gefen gabas. Ya koma ya kamo hannun Mushe ya kawo shi. Mushe ya tsaya yana duban buzun, sannan ya zauna a gefensa na kullum, ta yamma, ya bar buzun ba kowa.

Daga can kudu har lokacin ana jiyo ihun yara a bakin ruwa. Laka ta bushe a rigar Mushe, ta ja layi daidai inda ruwan ya kai. Ya sa hannu a aljihu ya fito da ƙullin irin tattasai, har yanzu da danshinsa, ya kwance bakin a hankali, ya baza shi a kan buzun don ya sha iska.